Wa Ya Ce A Toshe Ƙarƙashin Ɗakin Iya Tabawa?

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Sabi'u, wanda mutanen Kazaure da kewaye suka fi sani da Mai Rumbu. Ba shi ya zaɓi wannan suna ba. Laƙaba masa aka yi don a yi dariya, an kuma yi dariyar har ta ishi kowa. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba. In ranar ta zagayo nakan je maƙabarta in yi masa addu'a, in biya ta gidansa in gai da iyalinsa, in koma gida in yi shiru. Bana ma haka na yi niyya, sai ga shi kusan mako uku da suka wuce mutumin da ya kashe masa suna ya yi sallama a ƙofar gidana, wai zai tafi aikin Hajji, yana so a yafe masa. Ba zan kama sunansa ba. Ya san kansa, mutanen ƙasarmu ma sun san shi. A nan zan kira shi Alhajin Kwamiti.

Abu guda Yaya ya nema har ya koma ga Mahaliccinsa bai samu ba, shi ne a fito fili a faɗi wanda ya ba da umarnin toshe ƙarƙashin ɗakin Iya Tabawa. Wanda bai san labarin ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Bari in ɗauko shi daga tushe.

Yaya mai walda ne. Ya yi shekaru a Kano a wani kamfani mai haɗa ƙarafan rufin manyan ɗakunan ajiya. A can ya ga yadda ake auna gini a takarda, a yanka shi a wuri ɗaya, a kai shi wani wuri a ɗaure, ya kuma zauna daram. Da mahaifinmu ya tsufa sai ya dawo gida ya kafa rumfarsa a bakin hanyar Roni, yana yin ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Da wannan yake ciyar da iyalinsa, amma hankalinsa yana wani wuri.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da damina ke yi wa ƙauyukan da ke cikin kwari. Ruwa ya zuba a kan duwatsu, ba shi da wurin tsayawa, sai ya gangaro gaba ɗaya ya bi ta cikin gidaje. Ginin ƙasa ya sha ruwa ta gindi, ya yi kwana biyu yana shawara, rana ta uku ya zauna. Daga nan mai ɗaki ya kwashi iyalinsa zuwa zauren maƙwabci ko ajin firamare. Ya jira damina ta wuce, ya jira a gama girbi, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, tubali ya bushe, sannan a kira gayya. Wanda ya ce zai yi na bulo da siminti, shi ma da irin nasa jiran. Yau magini ya tafi gona, gobe hadari ya hana aiki, jibi an tarar buhu uku sun daskare saboda laima, biyu kuma sun yi ɓatan dabo. Haka shekara za ta zagayo, ruwan baɗi ya tarar da ginin bai kai linta ba.

Yaya ya ce kuskurenmu shi ne muna gini a gidan ruwa, a kuma lokacin da ruwa ya ga dama. Nasa tunanin shi ne a gina ɗakin a rumfa, a ƙarƙashin rufi, inda hadari ba ya tsayar da kowa. Gangar ɗakin ta ƙarfe ce. Bangon kuwa falle-falle yake zuba shi, duk girma ɗaya, siminti gauraye da buntun shinkafa don ya yi sauƙin ɗauka, ya jera falle biyu da 'yar tazara a tsakaninsu saboda kada zafin rana ya ratsa. Taga da ƙofa tun a rumfa ake sa su, a buɗe, a rufe, a ga sun zauna. Kowane falle da lambarsa. Mota ɗaya ta ɗauki ɗaki guda, mutum huɗu su ɗaure shi da noti cikin kwana biyu. Babu simintin da ya zube a ƙasa, babu yashin da aka bari ya tare hanya. In ɗanka ya isa aure, ka kwance bango ɗaya ka jona wani ɗaki. In wurin zama ya ƙi ka, ka kwance abinka ka ɗora a mota.

Sai kuma ƙafafu, su ne suka jawo masa suna. Ba ya ajiye ɗaki a ƙasa. Yakan zuba gajerun ginshiƙai shida na kankare, kowanne kamu ɗaya da ɗan ɗori, ya ɗora ɗakin a kai, ya bar ƙarƙashin a buɗe yadda in ruwa ya zo zai wuce abinsa. Duk wanda ya tambaye shi dalili, amsa ɗaya yake samu: "Kakanninmu sun ɗora rumbu a kan duwatsu saboda ruwa da gara. Mun ɗaga hatsi daga ƙasa, amma 'ya'yanmu mun shimfiɗa musu tabarma a hanyar ruwa. Gero ya fi su daraja ne?" Mutane suka riƙe kalmar rumbu, suka watsar da sauran maganar.

Shekara biyu kafin rasuwarsa aka yi wata damina da ta faɗo da ƙarfi tun farkonta, ɗakuna suka zube a ƙauyuka da yawa. Wasu masu hali 'yan asalin yankinmu, na gida da mazauna birni, suka kafa kwamitin taimako don a sake wa mutane wurin kwana. Alhajin nan shi aka ba shugabanci. Yaya ya yi ta sintiri a ƙofarsa har aka amince ya yi ɗaki uku na gwaji. Aka ce a fara kafa ɗaya a Tsamiyar Kwari, wani ɗan ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, a ba wata tsohuwa mai suna Iya Tabawa, wadda ɗakinta ya faɗi sau biyu a shekara uku.

Ina wurin ranar da aka kafa shi. Tsakiyar damina ce, ana yayyafi, lokacin da ko magini mahaukaci ba ya taɓa ƙasa. Mutanen gari suka bar noma suka zo kallo. Ranar farko aka tsayar da ƙarafa aka jera bango, rana ta biyu kafin la'asar an rufa kwano, an sa silin, an ɗora matakala uku a bakin ƙofa. Iya ta hau da sandarta, ta leƙa, ta buga bango da tafin hannu kamar mai sayen kankana.

Wata maƙwabciyarta ta ɗaga murya ta ce, "To Iya, yanzu ke gero ce ko dawa?"

Iya ta ce, "Ko maiwa ce ni, na dai fi ƙarfin gara. Ke koma ki tara kwanoni, naki rufin yana zuba."

Aka yi shewa. Yaya yana gefe yana goge hannu da tsumma, yana murmushin da ban sake gani a fuskarsa ba.

Iya ta kwana takwas a ɗakin. A cikin kwanakin nan an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, duka biyun ya zo ya bi ta ƙarƙashi ya wuce. An ce takan zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa tana kallonsa, tana yi masa sai da rana.

Sai labari ya zo cewa waɗanda suka ba da gudunmawa daga birni za su zo su ga aiki. Yaya a lokacin yana Kano sayen kwano da notin sauran ɗakuna biyu, tafiyar kwana uku. A bayan idonsa maginin ƙauyen, wani mai suna Ɗanladi, ya kwaso ƙasar rusassun ɗakuna ya zagaye ƙafafun nan, ya cike ƙarƙashin, ya yaɓe, har ya fitar da ɗan dakali a gaba. Ɗakin ya koma kamar kowane ɗaki mai gindi a ƙasa. Da mutane suka tambaye shi, ya ce mai ginin, wato Yaya, shi ne ya aiko a yi haka. Ba wanda ya yi musu, wasu ma cewa suka yi sai yanzu ya yi kama da wurin zaman mutum. Baƙi suka zo, suka yaba, aka ɗauki hoto, suka tafi.

Kashegari bayan la'asar aka tsuge da ruwa. Ya gangaro daga duwatsu ta hanyar da ya saba, ya tarar an rufe masa ƙofa. Ya taru, ya riƙa zagaye yana haƙar gindin ginshiƙai biyu na kusurwa har suka kwanta. Ɗakin ya karkace. Ina so a lura da wannan: bai rushe ba. Na je na gani da idona, ko falle ɗaya bai tsage ba. Amma Iya tana tsaye a ciki, ta faɗi a kan ƙarfen gado, ƙugunta ya karye. Ba ta sake tashi ba, kafin a gama girbi Allah ya karɓi abarsa.

Kwamiti ya zauna a zauren Alhaji, na raka Yaya. Aka kira Ɗanladi, ya tsuguna a bakin ƙofa.

Alhaji ya ce, "Ɗanladi, wa ya sa ka toshe ƙasan ɗakin nan?"

Ɗanladi bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce mini mai ginin ne ya aiko."

Yaya ya ce, "Wa ya ce maka? Da bakin wa ka ji?"

Alhaji ya ɗaga hannu. "Malam Sabi'u, ba kotu muke ba. Ɗan Adam ajizi ne. Ka ji baƙi za su zo, ka ga abin ya yi kama da rumbu, kunya ta kama ka, ka sa a rufe. Ka ce Allah ya ƙaddara, a wuce wurin."

Yaya ya ce, "Alhaji, ni da na shekara ina roƙon a bar wa ruwa hanya, ni zan aiko a toshe ta?"

Aka shafa fatiha, aka tashi a kan cewa gwajin bai yi nasara ba, kuma sakacin mai ginin ne. Tun a ranar mu biyun mun san wanda ya aiki Ɗanladi, don wanda kunya ta kama shi ne ya san yadda ake bayyana ta daki-daki haka. Amma sani daban, shaida daban. A lokacin ina aikin karanta labarai a rediyo, inda ƙa'idarmu ita ce ba a watsa abin da baki biyu bai tabbatar ba. Ni baki ɗaya gare ni, shi ma na yayana ne. Na yi shiru. Har gobe ina lissafa wannan shirun a cikin laifuffukana.

Da Iya ta rasu, Yaya ya ce sai ya je ta'aziyya. Na hana shi, ya ƙi. Ɗanta Haruna yana zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa. Yaya ya miƙa masa hannu, Haruna ya bar hannun a iska, ya ce, "Mai Rumbu, ka zo ka duba ko hatsinka ya ruɓe da kyau?" Muka juyo. Na goya shi a babur muka koma Kazaure.

Daga nan ko ƙofar shago ba a sake kawo masa ya gyara ba. Wanda aka ce ya kashe tsohuwa da gininsa, wa zai ba shi gadon 'yarsa? A wurin suna da ɗaurin aure, in ya shigo sai hira ta sauya. Ma'aikatansa uku suka watse neman abinci, ban ga laifinsu ba. Ya riƙa zuwa rumfa kullum da safe yana share ta, ya zauna har azahar, ya dawo. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Maganarsa ta koma da ƙyar, amma duk ranar da na je duba shi sai ya haɗa kalmomin nan: "Ka tambayi Ɗanladi." Na tambaye shi sau biyu Yaya yana raye, sau ɗaya bayan ya rasu. Duka ukun abu ɗaya ya ce mini: "Malam, ka yi mini rai, ina da iyali." Duk wani aikin gini da yake samu a lokacin ta hannun Alhaji yake fitowa, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da zai leƙo yau. Yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga tirela ta wuce da ɗaki sukutum a bayanta, da tagoginsa da wayar lantarkinsa, an gama shi a masana'anta. Na ga ɗakin shan magani da aka kafa a wani ƙauye cikin mako guda, inda a da sai a shekara ana kallon tulin yashi. Na ga ajin makaranta da aka ƙara ana tsakiyar zangon karatu, ba a kori ɗalibai gida ba ko na yini ɗaya. Ma'aikatansa ukun nan sun sake haɗuwa, suna da rumfarsu a hanyar Babura, rani da damina ba sa zama. Masu sayen yanzu su ne ke yi maka bayani: ba ka jiran magini, ba ka gadin siminti, abin da aka nuna maka a rumfa shi za a kawo maka, in ka ga aibi a can za ka gan shi kafin ya zama naka. Ina jin Yaya ba zai yi alfahari ba, ba halinsa ba ne. Zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko an bar wa ruwa hanya, sannan ya tambayi nawa ne tazarar bango.

Sauran ɗakuna biyun da kwamiti ya ƙi karɓa, wani Bafulatani mai shanu a wajen 'Yankwashi ne ya ɗauke su, shi da ma bai ga abin kunya a ɗakin da ake kwancewa ba. Ya tashi da su sau ɗaya da ya sauya mazauni. Damina goma sha uku ke nan suna tsaye a kan ƙafafunsu, awaki na fakewa a ƙarƙashi.

Akwai abin da na fi so a ce Yaya bai gani ba. Alhajin Kwamiti yanzu dillalin irin waɗannan ɗakuna ne, har ya buɗe tasa masana'antar. Bara a wani taro na ji shi da kunnena yana cewa su ne suka fara kawo wannan tunani ƙasar nan tun mutane ba su waye ba. Ya nuna ƙafafun wani ɗaki ya ce, "Kun ga wannan? Hikimar kakanninmu ce ta rumbu." Aka tafa masa.

To shi ne ya zo gidana. Al'adarmu ce mai niyyar Hajji ya zagaya 'yan'uwa da abokan hulɗa yana neman gafara, kuma al'adarmu ce a ce masa, "Ba ka yi mana komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ana faɗin haka tun kafin ya rufe baki. Da wannan ya dogara. Ya zo da turare da babbar riga, ya zauna a zaurena, ya yi gaisuwa mai tsawo.

Ya ce, "Malam, tafiya ta zo. Ka san zaman tare, wata rana zuma wata rana maɗaci. Abin da ya faru tsakaninmu da marigayi, a yafi juna."

Na ce, "Me ya faru, Alhaji?"

Ya ce, "Ai ka sani."

Na ce, "Na sani. So nake in ji ko kai ka sani."

Ya gyara hula, ya dubi rufi. Ya ce, "An yi kuskure a lokacin."

Na ce, "Wa ya yi?"

Sai ya ce yana da niyyar sa sunan Yaya a allon masana'antarsa, da manyan haruffa, kowa ya gani. Na ce masa ba a ɗinka wa mutum sabuwar riga a kan ƙazantar da aka watsa masa, wanka ake fara yi masa. Na ce abu ɗaya nake nema, ba shi da tsada. Ya je Tsamiyar Kwari ranar Juma'a, in an sallame ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Ni na sa aka toshe ƙarƙashin ɗakin Iya Tabawa, Malam Sabi'u bai sani ba." Ya yi wannan, ni kuma zan raka shi har kabarin Yaya mu roƙa masa sauƙi tare. Juma'a biyu suka rage masa kafin tafiya. Ya ce in sha Allahu. Ya bar turarensa, na sa aka mayar masa.

Na je na gaya wa matar Yaya, Yaya Hadiza, yadda muka yi, don ta fi ni haƙƙi a maganar. Ta ce, "Wahalar da na sha da marayu tawa ce, wannan na bar wa Allah tuntuni. Amma sunan Malam ba nawa ba ne balle in yi kyauta da shi."

Juma'ar farko na hau babur na je. Bai zo ba. Juma'a ta biyu na koma. Ana shirin shiga masallaci direbansa ya iso da rago a bayan mota, da saƙon cewa shirye-shiryen tafiya sun riƙe Alhaji, a yi wa mamatan sadaka. Na ce ya koma da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba kuma a aiken rago ya yi magana a madadin mutum.

Aka yi salla, aka sallame. Ina neman takalmina sai na ji an ce, "Jama'a, a ɗan dakata." Ɗanladi ne. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya daina hawa gini. Ashe ya ga zuwana na Juma'ar farko, ya tambayi abin da ya kawo ni, ya kuma ga rago. Ya dafa ginshiƙin masallaci ya miƙe.

Ya ce, "Ni na toshe ƙasan ɗakin Iya, kun sani. Na ce muku mai ginin ne ya aiko. Ƙarya na yi. Shugaban kwamiti ne ya zo da kansa, ya zagaya ɗakin, ya ce, wannan za mu nuna wa manyan mutane, su ce mun zuba uwar wani a rumbu? Ya ce in rufe kafin gobe, in an tambaye ni in ce Malam Sabi'u ne. Na ce masa, ranka ya daɗe, mai ginin ya gargaɗe mu kada ko kaji mu yi wa akurki a wurin. Ya ce ni ko shi, wa ke ba ka aiki? Shekara goma sha uku ina ɗauke da wannan. Ni ba ni da kujerar Makka, kabari kawai ke gabana."

Haruna ɗan Iya yana sahu na biyu, shi ma furfura ta fara masa. Ya daɗe a zaune kansa a ƙasa. Da jama'a suka fara fita ya zo ya tsuguna a gabana, bai miƙo hannu ba, ina jin ya tuna. Ya ce, "Malam, a ina aka binne shi?" Ranar Lahadi ya zo Kazaure na kai shi. Abin da ya faɗa a bakin kabarin tsakaninsa da Yaya ne, na ja baya ban saurara ba.

Labari ya riga ni isa gari. Ranar Litinin Alhaji ya kira ni a waya, muryarsa har da 'yar fara'a. Ya ce, "To Malam, tunda an riga an faɗa, ai magana ta ƙare ko? Sai a yafe."

Na ce, "Ta ƙare, Alhaji. Abin da na nema a wurinka, wani ya riga ka bayarwa. Ɗanladi na yafe masa nawa kason tun a masallaci. Kai kuwa abu ɗaya tak kake da shi da za ka zo mana da shi, ka bari ya kuɓuce. Yanzu sai dai ka nemi Malam Sabi'u da Iya Tabawa, ka san inda za ku haɗu."

Na san za a ce na cika riƙo. Limaminmu ma ya tuna mini falalar afuwa, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai shi da kansa ya karantar da mu cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, kuma ban ga inda aka ce ƙane yana gadon wannan izini ba. Mun mayar da neman gafarar matafiyi kamar gaisuwar hanya, a faɗa a amsa, ba wanda ya ambaci laifi. Shi ya sa mai ƙarfi ke taka mutum da rani, ya san in lokacin tafiya ya zo kalma biyu za su wanke shi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma ban ji an ce ana hana shi shiga jirgi ba.

In na auna abin da ya saura na Yaya, ba ni da yawan da zan ƙirga. Rumfarsa an mayar da ita wurin sayar da gas. Bai bar gida na a zo a gani ba, bai ga ɗaki na huɗu ba. Amma akwai mutum uku a hanyar Babura da ke auna ƙarfe sau biyu kafin su yanka, don haka ya koya musu. Akwai iyalai a cikin kwari da hadari ke haɗowa ba sa fara ɗaure kaya. Akwai 'ya'yansa, waɗanda tun ranar Juma'ar nan suka daina sunkuyar da kai in an tambaye su ɗan wane ne. Sunansa ya fita, a makare, ta bakin talakan da ya fi kowa dalilin jin tsoro. Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u, ya jiƙan Iya Tabawa, ya sa sun huta.

Shi kuwa Alhaji, an ce jirginsu jibi zai tashi. Ba na yi masa mugun baki. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi lafiya, ya kuma ja kwanansa sosai. Ina so ya daɗe a garin nan yana shiga taro, hira tana sauyawa.